“Zauna Ki Huta, Inna”: Ciwon Huhu Da Ayyukan Da Yake Ƙwacewa

Ba a cika zuwa asibiti don an daina shara ba. Ana zuwa ne don zazzaɓi, ko tari da jini, ko ciwon da ya hana barci. Wanda kuwa ya lura cewa bana ba ya iya abin da yake yi bara, yawanci yakan ɗora wa shekaru laifin, ya rage aikin, ya ci gaba da harkokinsa. Wannan ɗabi'a ce take ba ciwon huhu mai daɗewa damar shafe shekaru a jikin mutum ba tare da an kira shi da sunansa ba. Aiki ɗaya yake ɗauka, ya jira a saba da rashinsa, sannan ya dawo ya ɗauki na biyu.

Akwai wata dattijuwa a cikin birnin Zariya wadda 'ya'yanta da jikokinta ke kira Inna. Ta yi fiye da shekara 30 tana tuyar waina a zauren gidansu, daga bayan sallar asuba har hantsi ya dubi ludayi, tana sunkuye a kan tanda, itace na ci a ƙarƙashi, hayaƙi na neman hanyar fita ta ƙofa ɗaya. Ba ta taɓa sa taba a bakinta ba. Da kuɗin wainar nan ta ɗauki nauyin karatun ɗanta na fari, wanda yanzu babban ma'aikaci ne a Abuja, wanda kuma har yau, saboda alkunya, ba ta kama sunansa.

Daka ta fara bari, aka ce ai injin niƙa ya zo unguwa. Ta bar jan ruwa a rijiya, aka ce ai an haƙa burtsatse. Ta bar shara, aka ce ai jika ta tasa. Daga nan sai kasuwa, sai tuyar kanta, sai zuwa suna da biki, har ta kai ga aika wakili gidan makoki, abin da a da take ganin abin kunya ne. Duk bayanan da aka bayar gaskiya ne, shi ya sa babu wanda ya haɗa su wuri ɗaya ya ga siffar abin da ke faruwa.

A waya ɗan ya fara gane cewa da matsala. Inna mace ce mai cika gaisuwa: gajiya, iyali, aiki, sanyi, maƙwabta, kowane da gurbinsa. Sai ya lura ta koma yanka magana gunduwa-gunduwa. “Lafiya lau,” sai shiru. “Ya yaran,” sai shiru. Ya zaci layin ne ke yankewa. Magana kuwa fitar numfashi ce da aka sarrafa, kuma duk wanda ke lissafin iskarsa dole ya yi lissafin kalmominsa.

An sha ba ta maganin tari a kemis. An gwada kakinta don neman tarin fuka, ba a samu ba. Sai a wani babban asibiti aka sa ta hura iska iya ƙarfinta cikin na'urar awon numfashi. Mai lafiyayyen huhu yakan fitar da wajen kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na iskar da zai iya fitarwa a cikin daƙiƙar farko. Idan adadin ya kasa kai kashi 70, ko bayan an ba mutum maganin buɗe hanyoyin iska, likitoci sukan ce yana da cutar toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa, wadda suke taƙaita sunanta da COPD. Na Inna ya yi ƙasa da haka sosai.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wahalar wannan ciwo ta fi tsanani wajen fitar da iska. Lafiyayyen huhu kamar roba yake: a ja shi ya buɗe, a sake shi ya koma da kansa, ya turo iskar waje ba tare da an yi wani aiki ba. Hayaƙin shekaru yana kumbura ƙananan hanyoyin iska, ya cika su da majina, ya kuma lalata bangon 'yan buhunan da iska ke shiga jini ta cikinsu, sai huhun ya saki kamar tsohuwar roba. Mutum na zaune, yana da isasshen lokacin da zai fitar da iskar a hankali. Da ya tashi aiki, numfashi ya yi sauri, lokacin fitarwar ya gajarta, sabuwar iska ta iske tsohuwa ba ta gama fita ba. Kamar motar haya ce da ta tsaya a tasha, na ciki ba su gama sauka ba, na waje suna turereniyar shiga. Kowane numfashi yana barin saura, ƙirji na ƙara cika, har mutum ya ji yana jan iska amma babu wurin zuba ta. Shimfiɗaɗɗiyar tsokar nan da ta raba ƙirji da ciki, wadda ita ce babbar ma'aikaciyar numfashi, tana da siffar ƙwarya a kife. Huhun da ya kumbura yakan danne ta ta baje, ta rasa yawancin ƙarfinta.

Daga nan ne ake fahimtar wani abu da ya daɗe yana ɗaure wa mutanen gidan kai. Inna na iya takawa daga ɗakinta zuwa zaure, amma ɗaura ɗankwali ko shanya zane a igiya sai ya bar ta tana haki kamar wadda ta yi gudu. Ba a faɗa a gabanta ba, amma an yi ƙus-ƙus cewa akwai raki a ciki. Babu raki ko kaɗan. Idan babbar tsokar numfashi ta gaza, jiki yakan ɗauki tsokokin wuya da kafaɗa da saman ƙirji haya su riƙa ɗaga haƙarƙari. Waɗannan tsokoki su ne kuma ke riƙe hannu idan an ɗaga shi sama. Ba za su iya bauta wa iyayengiji biyu a lokaci ɗaya ba. Wani likitan huhu a birnin Boston na Amurka, Bartolome Celli, da abokan aikinsa sun nuna wannan a 1986: masu ciwon sukan gaji da aikin hannu da wuri fiye da aikin ƙafa, numfashinsu ya rikice, ƙirji da ciki su daina tafiya tare. Don haka taje kai, da sa riga, da ɗauko tukunya daga kan kanta, ayyuka ne masu tsada ga irin wannan ƙirji, ko da mai kallo yana ganin ba su kai a kira su aiki ba.

Sai kuma sunkuyo. Aikin gidan gargajiya kusan duk a ƙasa aka shimfiɗa shi. Murhu a ƙasa, kwanon wanki a ƙasa, tsintsiya gajeriya, tabarma, turmi, masai na tsugunno. Duk lokacin da mutum ya naɗe jikinsa biyu, kayan ciki sukan tura tsokar numfashi sama, su matse ɗan wurin da ya rage. Ƙari a kan haka, ɗan Adam yakan riƙe numfashi ba da saninsa ba idan zai yunƙura ya tashi ko ya ɗaga abu mai nauyi. Mai lafiya ba ya ma sanin ya yi. Mai ciwon huhu yakan biya bashin wannan 'yar riƙewa da minti biyu ko uku na haki.

Wanka ya tara dukkan waɗannan a wuri ɗaya: ɗaukar bokiti, sunkuyo don ɗibar ruwa, ɗaga hannu don cuɗa kai da baya, tururin ruwan zafi a ɗan ƙuntataccen banɗaki, sannan goge jiki da sa tufafi. Kuma an saba yin sa da safe, lokacin da majinar da ta taru cikin dare ba ta gama fita ba, lokacin da ƙirjin ya fi nauyi. Inna ta koma tsallake kwana ba ta yi wanka ba, ta ce sanyi take ji. Macen da ta yi suna da tsafta ba za ta buɗe baki ta ce wa surukarta wanka ya gagare ta ba. Hatta cin abinci ya zama aiki, domin tauna da haɗiya suna katse numfashi, cikin da ya cika da tuwo kuma yana danna ƙirji daga ƙasa. Ta riƙa ture kwano da rabin abinci, ta rame, alhali jikinta na ƙone ƙarfi wajen numfashi kaɗai fiye da na mai lafiya.

Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne salla. Alwala tana buƙatar ɗaga hannu zuwa kai da sunkuyo zuwa ƙafa. Ruku'u da sujada sunkuyo ne, tashi daga sujada yunƙuri ne, karatu kuma fitar numfashi ne mai tsawo. Ta san hukuncin sarai. Hadisin Imrana ɗan Husaini da Bukhari ya ruwaito, wanda ya ba marar lafiya damar yin salla a zaune idan tsayuwa ta gagara, ko a kishingiɗe idan zaman ya gagara, ba baƙo ba ne a wurinta. Sanin rangwame daban, yarda cewa mutum ya kai matsayin karɓarsa daban. Ta yi wata da watanni tana tsayuwa da ƙyar, tana idar da raka'a huɗu hankalinta rabi a kan karatu rabi a kan ƙirji, don a ganinta ranar da ta ja kujera zuwa kan darduma ta sa hannu a takardar tsufa.

Likitocin huhu sun daɗe da gane cewa da irin waɗannan ayyuka ake auna ciwon. A ƙarshen shekarun 1940 da farkon na 1950, wani likita Bature, Charles Fletcher, yana shugabantar wata cibiyar bincike kusa da birnin Kadif a yankin Wales na Birtaniya, inda ake duba masu haƙar kwal da ƙura ta lalata wa huhu. Daga aikinsa aka samo wani ma'auni mai hawa biyar da har yau ake amfani da shi. Hawa na farko, mutum ba ya haki sai a aiki mai tsanani. Na biyu, sai idan yana sauri ko yana hawan ɗan tudu. Na uku, tsaransa suna wuce shi a hanya, ko yana tsayawa ya huta ko da a takunsa yake tafiya. Na huɗu, ba ya wuce kimanin yadi 100 sai ya tsaya. Na biyar, fita daga gida ta gagara, ko kuma sa tufafi da cire su na sa shi haki. Babu allura, babu na'ura, tambayoyi ne kawai a kan rayuwar yau da kullum. Duk ɗan da ke zuwa gida hutun salla zai iya yi wa mahaifiyarsa su a tsakar gida, in dai ya san cewa amsar “ba na haki” ba ta wadatar ba, domin wanda ya daina motsi ai ba zai yi haki ba. Tambayar da ta fi fito da gaskiya ita ce, me kika daina yi?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan ciwo ya kashe mutum miliyan 3.5 a 2021, abin da ya sa shi na huɗu a jerin abubuwan da suka fi kisa a duniya. A ƙasashe masu arziki taba ce ke haddasa fiye da kashi 70 cikin 100 na masu fama da shi, shi ya sa littattafan likitanci suka daɗe suna zana shi da fuskar tsohon mashayin sigari. A ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, rabon taba bai wuce kashi 30 zuwa 40 ba. Hayaƙin girki a cikin gida na daga cikin manyan masu laifi, tare da ƙurar wurin aiki da tabon da tarin fuka ke bari ko bayan an gama shan maganinsa na wata 6. Wani bincike da aka yi a Ile-Ife a kan mutanen da suka kai shekara 40 ya sami toshewar hanyoyin iska a wajen kashi 7.7 cikin 100. Wani da aka yi a gundumar Masindi ta ƙasar Yuganda, inda kusan kowane gida da itace yake girki, ya sami kimanin kashi 16 a cikin waɗanda suka haura shekara 30. Mai tuyar waina, mai ƙosai, mai dafa abincin sayarwa a bakin tasha, duk suna cikin wannan lissafi, kuma akasarinsu ba za su taɓa ganin na'urar awon numfashi ba.

Da ɗan Inna ya ji sunan ciwon, ya yi abin da kowane ɗa nagari mai abin hannu zai yi. Ya ɗauko mai aiki. Ya sayi talabijin da katifa mai laushi. Ya kafa doka cewa kada a sake barin ta ta ɗaga ko da buta. Duk wanda ya gan ta tana shirin tashi sai ya ce, “Zauna ki huta, Inna, me kike so a kawo miki?” Ita kuma ta ce, “Allah Ya yi muku albarka,” ta koma ta zauna. Ya so ya sayo tukunyar iskar oksijin, likita ya hana, ya bayyana masa cewa haki daban, ƙarancin oksijin a jini daban. Ana ba da iskar ne ga wanda awo ya nuna tasa ta yi ƙasa, kuma ga wanda bai buƙata ba ba ta da wani amfani da aka tabbatar. Ya so ya ɗauke ta zuwa Abuja, sai aka tuna cewa gidansa a hawa na biyu yake.

Cikin wata shida da wannan gata, Inna ta koma ba ta iya kaiwa zaure. Huhunta bai lalace da wannan saurin ba. Ƙafafunta ne suka tafi. Tsokar da ba a mora tana shanyewa, musamman ta cinya, kuma raunanniyar tsoka tana saurin tara tsamin gajiya, wanda jiki ke kawar da shi ta hanyar ƙara yawan numfashi. Wato aikin da a bara yake buƙatar iska kaza, bana yana buƙatar fiye da haka, daga huhun da ba shi da rarar bayarwa. Haki ya zo da wuri, tsoro ya biyo baya, tsoron ya ƙara saurin numfashi, mutum ya ƙara rage motsi. Ciwon ne ya fara juya wannan dabaibayi, amma a gidaje da yawa ƙauna ce take ƙarasa ɗaure shi. Abu ne mai wuyar faɗa wa mutumin da ke ƙoƙarin rama wa mahaifiyarsa wahalar shekara 30, cewa hutun da ya saya mata yana cikin abin da ke kwantar da ita. Sai dai hakan ne.

Maganin da ya fi kowane tasiri a kan wannan ɓangare na ciwon ba a kwalba yake ba. Shiri ne na motsa jiki da koyarwa, na mako 6 zuwa 8, inda ake sa masu ciwon tafiya da ɗaga 'yan kaya marasa nauyi da tashi-zauna daga kujera, a ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya, har su koyi cewa hakin da ke zuwa da motsi, in an san iyakarsa, ba ya cutar da huhu. Ba ya mayar da abin da hayaƙi ya cinye, amma an tabbatar yana ƙara nisan tafiya, yana rage haki da fargaba. Ba ya kuma buƙatar kayan ƙasar waje: an gwada shi a asibitin Mulago da ke Kamfala a kan waɗanda tarin fuka ya bar wa tabo, da kayan aiki masu sauƙi, aka ga amfaninsa. Abin takaici, a yawancin asibitocinmu na Arewa mai ciwon yakan fito da takardar magani kawai.

Wata ma'aikaciyar gashin ƙashi da motsa jiki ce ta zauna da iyalin ta sake musu tsarin gidan. Ba ta hana aiki ko ɗaya ba, sai dai ta canza yadda ake yin sa. Kujera ta shiga banɗaki, bokiti ya hau kan wani benci, wanka ya koma hantsi bayan an shaƙi magani kuma ƙirji ya washe, da ruwa mai ɗumi maimakon mai tururi, ƙofa a ɗan buɗe. Maimakon goge jiki, Inna ta riƙa lulluɓa da babban tawul ta zauna ya tsotse ruwan. An sa wa tsintsiya doguwar sanda, ana yayyafa ruwa kafin shara. Tsintar shinkafa da yankan kuɓewa suka dawo hannunta, amma a kan tebur, gwiwar hannu a dafe, domin hannun da ya sami madogara yana sakin tsokokin kafaɗa su koma taimakon numfashi. Wannan ne ma dalilin da ya sa mai haki yakan dafa gwiwoyinsa ko bango ba tare da an koya masa ba. Abinci ya koma kaɗan-kaɗan sau biyar. An koya mata ta ja iska ta hanci tana ƙirga biyu, ta fitar ta tsukakken baki tana ƙirga huɗu, kamar mai hura koko, kuma ta riƙa fitar da numfashi a daidai lokacin yunƙuri. An gano cewa shekara guda tana fesa maganin shaƙa a kan harshe, ba ya isa huhu, aka gyara. Har maficicin kaba ya sami matsayi, domin iska mai sanyi a fuska tana rage jin sarƙewar numfashi, abin da gwaji ya tabbatar, kuma tsofaffi suka riga likitoci sani.

Turaren wuta ya bar ɗakinta, haka ma maganin sauro mai hayaƙi, aka ɗaura gidan sauro, aka matsar da janareta nesa da taga. Rabuwa da turaren ya fi komai yi mata wuya, ta ce ɗaki ba turare ai kango ne. Kujerar salla kuwa, limamin unguwa ne ya shawo kanta, da ya aiko mata cewa karɓar sauƙin da Allah Ya bayar shi ma biyayya ce. Yanzu takan fara a tsaye, ta zauna idan ƙirji ya buƙata.

Tafiya aka mayar farilla ta yau da kullum, da ƙofofin maƙwabta a matsayin ma'auni. Makon farko ƙofa ɗaya ta dawo. Bayan wata biyu tana kaiwa ta biyar, inda wata ƙawarta ta ƙuruciya take, ta zauna su gaisa gaisuwa cikakkiya. Ba ta koma kasuwa ba, ba kuma za ta koma ba. Lokacin hunturu, sa'ad da iskar arewa maso gabas ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta lulluɓe gari, takan yi makonni a ɗaki, tana zagaya gado tana tashi-zauna don kada ƙafa ta manta, kuma duk murar da ta kama ta a wannan lokaci tana iya kai ta gadon asibiti ta mayar da ita baya ƙofa biyu ko uku.

Tandar tana nan. Ƙaramar 'yarta ce ta gaje ta, da masu sayen da suka saba layi tun zamanin uwar. Yayan ya sayo mata tukunyar gas, ta yi amfani da ita wata ɗaya ta ajiye, ta ce kuɗin cikawa yana cinye ribar, masu saye kuma suna cewa wainar itace ta fi ƙamshi. Abin da aka iya cimma shi ne fitar da murhun daga zaure zuwa fili, inda iska ke kwashe hayaƙin. Shekararta 34, kuma takan yi ɗan tari da safe.